Hafsan da Alƙalaminsa Ya Fi Jirginsa Tasiri

Tun da 'yan Houthi suka fara kai wa jiragen kasuwanci hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023 nake jin wasu na cewa, "Ina ruwanmu da teku, mu da ke tudu?" Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin wani hafsan sojan ruwan Amurka, Alfred Thayer Mahan, ya amsa ta tun 1890.

Mahan bai yi suna a tuƙin jirgi ba. Ya fito daga makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1859, kuma jiragen da ya jagoranta sun sha yin karo. A wani ɗakin karatu a Lima, babban birnin Peru, yana karanta tarihin Rumawa ya tsaya a kan tambaya guda: me ya sa Hannibal, da ya tafi yaƙar Rumawa, ya wahalar da rundunarsa da giwayensa ta kan duwatsu? Saboda tekun na hannun abokan gabansa. Daga nan littafinsa kan tasirin ƙarfin teku a tarihi ya samo asali.

Abin da ya gano, kowane bafatake ya san shi. Teku hanyar kasuwa ce. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana buƙatar zango da rijiya da masu rakiya, haka jirgi a zamanin Mahan yake buƙatar tasha da wurin shan gawayi da jiragen yaƙi masu tsaronsa. Manomin da rumbunsa ya cika, amma wani ke riƙe da gadar da za ta kai shi kasuwa, talaka ne. 'Yan Nijar sun ɗanɗana wannan a 2023, lokacin da aka rufe iyakar Benin kaya suka maƙale a tashar Kwatano.

Wani shugaban Mahan ya taɓa rubuta cewa rubuta littafi ba aikin hafsa ba ne. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu kuwa sai ya sa aka ajiye littafin a jiragen yaƙinsa, Japanawa ma suka fassara shi. Mahan ya yi ritaya a 1896, ya ci gaba da rubutu har rasuwarsa a 1914, kuma maƙalarsa ta 1902 ce ta yaɗa sunan "Gabas ta Tsakiya".

Hafsoshinmu da suka yi shekara talatin suna sintiri a Tekun Gini, don Allah ku rubuta mana abin da kuka gani kafin ƙasa ta rufe shi.