Wa Ke da Alhakin Me? Ƙaramar Hukuma da Rayuwar Jama'a a Ikara da Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

Sau da yawa akan ji ana cewa ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da talaka. Wannan magana gaskiya ce idan an dubi nisan da ke tsakanin gidan mutum da sakatariya. Amma kusanci daban, iko daban. Manomin da gada ta karye a kan hanyar ƙauyensu, ko matar da ta kai ɗanta asibiti ta tarar babu magani, sukan ɗora laifin a kan shugaban ƙaramar hukuma, alhali kuwa wani lokaci abin ba ya hannunsa. Wani lokacin kuma yana hannunsa dumu-dumu, sai ya fake da cewa aikin na gwamnatin jiha ne.

Manufar wannan maƙala ita ce ta warware wannan sarƙaƙiya. Za a ɗauki ƙananan hukumomi uku na arewacin Jihar Kaduna, wato Ikara da Maƙarfi da Kudan, a duba al'amura huɗu da sanarwar hukuma ta fi taɓawa: sufuri, da tsaro, da kiwon lafiya, da zaman unguwa. A kowannensu za a nuna wanda doka ta ɗora wa nauyi, da kuma wanda yake ɗauke da nauyin a zahiri.

Asalin Ƙananan Hukumomin

Dukkan garuruwan nan uku suna cikin ƙasar Zazzau. A zamanin Turawa da farkon samun mulkin kai, Hukumar En'e ta Zazzau ce take tafiyar da su ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. En'e tana da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da kotunan alƙalanta, da gidan yarinta, da ma'aikatan tsafta waɗanda ake kira duba-gari. Saboda haka talaka ya san ƙofa ɗaya ce tak: daga mai unguwa sai dagaci, daga dagaci sai hakimi, daga hakimi sai fadar Sarki.

A ƙarshen shekarun 1960, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Sannan a 1976 aka yi babban gyaran nan wanda ya mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati a duk faɗin Nijeriya. A wannan gyara ne Ikara ta zama ƙaramar hukuma. Daga bisani Maƙarfi ta sami tata, kuma a 1996 aka fitar da Kudan, aka sa hedikwatarta a Hunƙuyi. A yau suna cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna, daga cikin 774 da ke ƙasa baki ɗaya.

Jama'ar wannan yanki akasarinsu manoma ne. Maƙarfi da Kudan sun yi suna wajen noman rake da yin mazarƙwaila, Ikara kuma wajen tumatir da masara, har ma gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta assasa masana'antar sarrafa tumatir a can. A 'yan shekarun nan Kudan ta ƙara yin fice da noman inabi. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin buƙatun manomi su ne suke tsara abin da jama'a suke nema daga hukuma.

Yadda Sanarwa Take Isa ga Jama'a

A da, idan hukuma tana da saƙo, sankira ko mai shela shi ne yake zaga gari da kasuwa yana yekuwa. Amfanin wannan tsari shi ne, duk wanda ya ji saƙon ya san daga bakin wa ya fito, ya kuma san wurin da zai koma idan yana da tambaya. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, kana gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, sai hanyoyin suka ƙaru. Yanzu kuwa ga wayar hannu, ga Facebook, ga WhatsApp.

Sai dai yawan hanyoyi bai kawo yawan fahimta ba. Saƙon da ya shigo waya sau da yawa ba a san mafarinsa ba, kuma takardun gwamnati da Ingilishi ake rubuta su. Shi ya sa har gobe, idan ana son a tabbatar saƙo ya shiga kowane gida, kamar na allurar rigakafi ko rabon takin zamani, sai an koma ga mai unguwa da limamin Juma'a da ranar kasuwa.

Sufuri

Hanyoyin mota a Nijeriya kashi uku ne: na tarayya, da na jiha, da na ƙaramar hukuma. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano, wadda ta ratsa ta Tashar Yari a ƙasar Maƙarfi, ta gwamnatin tarayya ce, kuma tana cikin aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano da aka soma a 2018. Titunan da suka haɗa manyan garuruwa galibi na jiha ne. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne hanyoyin ƙauyuka, da ƙananan gadoji, da kwalbatoci, da magudanan ruwa. Haka kuma Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kula da tashoshin mota da kasuwanni, da ba da lasisin kekuna da amalanke da baro.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa rabon ƙaramar hukuma shi ne mafi ƙanƙanta. To, amma ga manomi shi ne mafi girma. Tumatir ba ya jiran a gyara hanya. Idan damina ta yanke hanyar da ta taso daga fadama zuwa bakin titi, mota ba za ta shiga ba, sai a yi jigila da babur ko amalanken shanu, kuɗin dako ya ninka, ɗan kasuwa kuma ya karya farashi domin ya san mai kaya ba shi da zaɓi. Rake ma haka yake, kaya ne mai nauyi, ribarsa tana ƙarewa a kan hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar sufuri ta ƙara fito da wannan matsala fili. Ashe ke nan kwalbati ɗaya a kan rafi yana iya fin kilomita goma na kwalta amfani ga mutanen ƙauye.

Dangane da kiyaye haɗurra kuwa, hukumar da aka kafa a 1988 domin wannan aiki ta tarayya ce, jami'an KASTLEA kuma na jiha ne. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon kama direba. Abin da take iyawa shi ne ta tsara tasha da wurin lodi, ta hana kasa kaya a kan titi ranar kasuwa, ta kuma zauna da shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa.

Tsaro

A taron jama'a akan kira shugaban ƙaramar hukuma babban jami'in tsaro na yankinsa. Wannan suna ne kawai, domin Tsarin Mulkin 1999 rundunar 'yan sanda guda ɗaya ya kafa, kuma ta tarayya ce. Baturen 'yan sandan da ke Ikara ko Hunƙuyi daga kwamishinansa yake karɓar umarni. Rundunar 'yan sintiri ta KADVS kuwa gwamnatin jiha ce ta kafa ta. Shugaban ƙaramar hukuma yakan kira taron tsaro, ya taimaka da man mota ko alawus, ya kai rahoto sama, amma ba shi da ko kurtu ɗaya da zai ce nasa ne.

Wannan yanki bai sha wahalar 'yan bindiga kamar Birnin Gwari da Giwa ba, amma bai tsira gaba ɗaya ba. A farkon watan Satumba na 2023 an kai hari ƙauyen Saya-Saya a ƙasar Ikara, aka afka wa masallata, mutum 7 suka rasa rayukansu. Bugu da ƙari, ƙananan hukumomin nan suna kan iyaka: Ikara da Maƙarfi suna maƙwabtaka da Jihar Kano, Kudan kuma da Jihar Katsina. Mai laifi yana iya tsallakawa wata jiha cikin ɗan lokaci kaɗan, alhali jami'in da ke binsa sai ya nemi izini.

A nan ne darajar tsohon tsari take bayyana. A al'adar Hausa, baƙo ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya sanar da mai unguwa. Wannan ilimi na sanin wane ne wane, babu ofishin da yake da shi. A 2017 gwamnatin jiha ta rage yawan gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, bisa hujjar cewa albashinsu ya yi wa ƙananan hukumomi nauyi. Masu goyon baya sun dubi kuɗin da aka tsimi, masu suka kuma sun ce an rage idanu da kunnuwan hukuma a karkara. Ko wane ɓangare mutum ya bi, darasin ɗaya ne: sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kiwon Lafiya

Tsarin kiwon lafiya ma hawa uku ne. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na tarayya ne. Asibitocin da ke Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi na jiha ne. Matakin farko, wato ɗakunan shan magani da na awon ciki da rigakafi, shi ne aka san ƙaramar hukuma da shi, musamman tun daga taron Alma-Ata na 1978 da kuma ƙoƙarin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992.

Amma ko wannan matakin ya sauya hannu. An tattara ma'aikatansa da gudanarwarsa a ƙarƙashin hukuma guda ta jiha, kuma gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ɗauki manufar samar da ingantacciyar cibiya ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 255 na jihar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin wannan mataki. Saboda haka idan aka rasa ungozoma a wata cibiya, koken yana buƙatar ya wuce sakatariya ya isa Kaduna.

Duk da haka, akwai aikin da ba mai iya yi sai na kusa. Nasarar da ta sa aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali ba ta samu ba sai da sarakuna da dagatai da malamai suka sa baki, aka bi gida-gida. Da cutar mashaƙo ta ɓulla a 2023 a sassan Arewa, har da Maƙarfi, an sake ganin cewa yaran da ba a yi wa rigakafi ba su ne suka fi shiga haɗari. Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafi aikin yarda ne kafin ya zama aikin allura.

Zaman Unguwa

Wannan shi ne fagen da ƙaramar hukuma ba ta da wanda za ta fake da shi. Kwashe shara, da yashe lambatu, da kula da mahauta da makewayin kasuwa da maƙabarta, da sa wa tituna suna, duk tsarin mulki ya lissafa su a cikin ayyukanta. Dattawa suna tuna yadda duba-gari yake shiga gida ya leƙa randa da masai, da kuma tsaftar ƙarshen wata da aka tilasta a zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 zuwa 1985. Ba tsoron tara kaɗai ya sa waɗannan suka yi tasiri ba, har da sanin cewa akwai mai zuwa ya duba.

Inda hukuma ta yi sanyi, jama'a sukan koma ga gayya. Ƙungiyoyin matasa da na raya gari su ne suke cike ramuka, su gyara katangar maƙabarta, su haɗa kuɗin gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Wannan abin yabo ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma akwai haɗari a ciki: idan gayya ta saba ɗaukar nauyin da doka ta ɗora wa hukuma, sai a wayi gari an manta cewa hakki ne, a riƙa ganin ɗan abin da hukuma ta yi tamkar alfarma.

Batun Kuɗi

Duk abin da aka ambata yana komawa ga kuɗi. Tun da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979, ƙananan hukumomin Kaduna suka ƙara dogara ga kason da ke zuwa daga asusun tarayya, wanda a tsarin rabon arziki ya kama kashi 20.6 cikin 100 ga dukkan ƙananan hukumomin ƙasa. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma an daɗe ana kukan cewa kuɗin yakan maƙale a can. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri, amma ya kafa wata ƙa'ida: ranar da kuɗi ya iso hannun shugaba, uzurinsa ya ƙare.

Kammalawa

An ga cewa a sufuri da tsaro da lafiya, ƙaramar hukuma abokiyar tarayya ce, ba mai cikakken iko ba. A zaman unguwa kuwa nauyin nata ne. An kuma ga cewa ƙarfinta na gaskiya yana wajen haɗa ofis da masu unguwanni da dagatai, waɗanda suka san jama'a gida-gida. Abin da ya kamata shi ne, kowace sanarwa ta fito da Hausa bayyananniya, ta faɗi aikin, da kuɗinsa, da hukumar da ke da alhakinsa, a manna ta a kasuwa, a kuma karanta ta a rediyo. A nan ɗaliban Hausa suna da rawar takawa, ta fuskar fassara da daidaita kalmomin mulki. Mutumin Ikara ko Maƙarfi ko Kudan da ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya fi wuyar yaudara, domin Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.