Wutar daji: mu tare ta tun ciyawa tana ɗanya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, shekarar da damana ta yi kyau ita ce shekarar da ya kamata mu fi jin tsoron wutar daji. Dalili kuwa, ciyawa takan yi yawa. Daga watan Oktoba sai ta bushe, iskar hunturu kuma ta taso daga arewa maso gabas. A lokacin nan garwashi ɗaya ya isa ya ƙone makiyaya mai faɗi, kamar yadda ake yawan gani a yankunan Abalak da Bermo.

Mafi yawan wutar nan daga hannunmu take fitowa: garwashin shayi da aka bari a zango, guntun taba, wutar mafarauta da ta masu ɗiban zuma, da ƙonon gona da ya kuɓuce wa mai shi.

Asarar ba ta tsaya ga abincin bisashe ba. Babban icce yana iya jure wa wuta, amma ƴaƴan itatuwa da irin da ya zuba ƙasa mutuwa suke yi. Ƙasa takan zauna tsirara, iska ta kwashe albarkarta. Zabin daji da zomo da ƙudan zuma su rasa mafaka, itatuwan magani su yi wuyar samu. In gatari ya biyo bayan wuta, ko babban daji irin na Baban Rafi, kudu da Maraɗi, ba ya tsira.

Tun daga shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 ta hanyar sassaben zamani. Bai kamata wutar yini ɗaya ta cinye aikin shekaru ba.

Ga abin da za mu yi. Kafin ciyawa ta bushe, mu yi gayya mu share hanyoyi masu faɗi a gicciye da iska, yadda harshen wuta ba zai tsallake ba. Ciyawar da muka kwashe mu adana ta don bazara. Mu binne garwashi da ƙasa kafin mu tashi daga zango. In mun hangi hayaƙi, mu sanar da maigari da ma'aikatan daji nan take.

Rigakafi ya fi magani.