Za a iya kiwon murjani a Birnin Kabi?

Ka dubi jan murjanin da kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya. Da yawa sun ɗauka dutse ne, alhali ƙashin wata dabbar teku ne, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum. To idan dabba ce, ko za ka iya kiwonta a tankin gilashi, kamar yadda ake ajiye kifin ado a falo? Za ka iya, amma ba wannan jan ba, don ya fi son ruwa mai sanyi da duhu. Wanda ake kiwo ɗan uwansa ne na tekuna masu ɗumi, tare da wata dabbar mai kama da fure, wato anemoni, wadda kifin nan na fim ɗin Finding Nemo na 2003 ke fakewa a cikinta.

Mu fara da ruwa. Giwan ruwan da ake kamawa a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu ɗan ruwan daɗi ne. Ruwan teku kuwa, kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Kada ka ce bari in zuba gishirin miya, ba zai yi ba. Murjani yana zuƙar kalsiyam da kabonet daga ruwa yana gina ƙashinsa, gishirin miya kuwa ba shi da su. Akwai gishirin tanki na musamman, kuma da ruwan da aka tace tsaf ake haɗa shi. Ruwan rijiya ko na rafin fadamar Zauro na iya zuwa da ragowar takin shinkafa, gansakuka ta samu abinci ta lulluɓe komai. Jan ƙarfe kuwa ko kaɗan ne guba ne gare su, shi ya sa tankin da aka taɓa zuba wa maganin kifi mai jan ƙarfe ba ya karɓar murjani.

Ƙaramin tanki ya fi babba wahala, duk da ya fi araha. Ɗauki mai lita 40. Idan iskar hunturu ta busar da lita 2, ruwa ne ya tafi, gishirin yana nan daram, sai ya tashi daga giram 35 zuwa kusan 37 a kowace lita. Kifi zai iya jurewa, murjani ba ya son wannan hawa da sauka. Don haka kullum sai ka cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri.

Sai haske, kuma nan ne abin mamakin yake. A cikin naman irin wannan murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, tana haɗa abinci da hasken rana kamar ganyen gero, tana ba shi kaso mafi tsoka na abin da yake ci. Wato manomi ne da gonarsa a cikin jikinsa. Ƙwan fitilar ɗaki ba zai ciyar da shi ba, sai fitilar LED mai ƙarfi, mai yawan shuɗin haske, kamar awa 8 zuwa 10 a rana. Kuma tunda ba ya tafiya, sai ka sa famfon da zai riƙa kaɗa ruwa, ya kawo masa iska da abinci, ya kwashe datti.

A ganina zafi ne zai kayar da mai kiwo a Kabi, ba gishiri ba. Murjani yana son digiri 24 zuwa 27, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan haura 40. Idan ruwa ya ɗara abin da ya saba da digiri ɗaya ko biyu na 'yan makonni, sai ya kori gansakukar nan, ya koɗe fari fat, yunwa ta fara cinsa. Haka aka gani a babban tudun murjani na Ostareliya a 2016 da 2017. A ƙaramin tanki kuwa, ba sai an yi makonni ba: a ɗauke wuta da rana tsaka, famfo ya tsaya, ruwa ya ɗau zafi, iskar cikinsa ta ragu, kafin la'asar an yi asara. Idan ba ka da sola da batir da za su riƙe na'urar sanyaya ruwa dare da rana, gaskiya ka haƙura tukuna.

Idan kana da su, kada ka yi gaggawa. Bar tankin da duwatsunsa sati 4 zuwa 6, bakteriyar da ke narkar da amoniya su kafu, sannan ka fara da murjani mai laushi, wanda ba ya gina ƙashi mai tauri. Anemoni ta jira aƙalla wata shida. Ita tana yawo, tana harbin maƙwabtanta, kuma takan faɗa bakin famfo ya markaɗe ta, ruwan duka ya ɓaci. Kafin ka saka ta, rufe bakin famfon da raga ko soso.