Sandar Kyamara Mai Ƙafa Ɗaya: Yadda Ake Zaɓen Mai Araha Wadda Ba Za Ta Kayar Da Jari Ba

A 'yan shekarun nan, da wuya ka shiga gidan fatake a nan Kwatano ba ka tarar da mai ɗaukar hoto ba. Wani gidan yaro ne ya tara kuɗi ya sayi kyamara ta hannu, yana bin biki da suna da walimar sauka. Wani gidan kuma uwargida ce ke ɗaukar bidiyon shadda da leshi tana ɗorawa a WhatsApp, don masu saye na Maraɗi da Kano su gani. Kukansu ɗaya ne: hannu na gajiya, hoto na fitowa da rawa. Da sun yi magana sai a ce musu su nemi mai ƙafa uku. To, mai ƙafa uku a lungun Dantokpa ina za ka kafa ta? Kafin ka gama buɗe ƙafafun, ɗan dako ya yi tuntuɓe da ita.

Abin da ya fi dacewa da irin wurarenmu shi ne sandar nan mai ƙafa ɗaya da masu sana'ar ke kira monofod. Ita ce kake gani a hannun masu hoto a gefen filin ƙwallo, sun ɗora mata manyan kyamarori. Ni kayan waya da ƙananan kayan lantarki nake sayarwa, kuma irin waɗannan sanduna sun sha wucewa ta hannuna, masu kyau da na banza. Ga abin da nake gaya wa yaranmu idan sun zo neman shawara.

Da farko ka san aikinta. Sandar tana ɗauke maka nauyi ne, tana kuma hana kyamara rawar sama da ƙasa. Ba ta tsayawa da kanta. Ƙafafunka biyu su ne sauran ƙafafunta, shi ya sa ake ɗan buɗa ƙafa, a tura gindinta gaba kaɗan, a jingino ta. Idan hoton dare kake so, wanda kyamara za ta yi daƙiƙoƙi a buɗe, wannan aikin mai ƙafa uku ne. Amma awa 5 a tsaye wurin ɗaurin aure, ko cikin ɗaki mai ƙarancin haske, nan take biyan kuɗinta.

Yanzu ga inda maganar take. Sanda mai araha ba laifi ba ce, domin bututu ne kawai da ke shiga cikin bututu. Abu biyu ke raba mai kyau da marar kyau: makullan gaɓoɓinta, da sukurun da ke kanta. Sauran duk ado ne.

Makulli iri biyu ne. Akwai na murɗawa, akwai na ɓallewa mai ɗan harshe. Masu hoto sun daɗe suna gardama a kan wanda ya fi, ni dai ga nawa ganin. Na ɓallewa ya fi sauri, kuma da ido za ka gane ko ya kulle. Amma yana saki a hankali, saboda haka ka duba ko yana da noti da za a iya ɗaure shi da alanki. Idan an danne shi ne da ƙusar da ba ta kwancewa, ranar da ya saki shi ke nan, sandar ta zama ta kora awaki. Na murɗawa kuma ba ya kama riga ko mayafi a cikin taro, ana iya kwance shi a wanke, sai dai a masu arha sosai robar cikinsa kan cinye da wuri.

Ko wanne ne, gwajin ɗaya ne, kuma a gaban mai kaya za ka yi shi. Ka zare ta duka, ka kulle kowace gaɓa, ka kafa ta ƙasa, ka ɗora tafin hannu biyu a kanta ka danna da ƙarfi. Idan ta zame ko da yatsa ɗaya ne, mayar masa. Kada ka ji kunya, ai ba kunya a ciniki. Na taɓa ganin wani saurayi a wurin walima, yana cikin ɗauka gaɓar tsakiya ta sulale, kyamarar ta daki bakin tebur, gilashin gaba ya tsage. Kuɗin adashen mahaifiyarsa ne a cikin kyamarar nan. Wanda ya sayar masa da sandar kuwa cewa ya yi shi kaya in ya fita ba ya dawowa.

Sai sukurun kai. A gindin kusan kowace kyamara akwai rami mai faɗin 1/4 na inci, ko Canon ce ko Nikon ko Sony, duk ma'auni ɗaya ne. Akwai kuma babba, 3/8 na inci, wanda ake ɗaura kan juyawa da shi. Sanda mai kyau takan zo da sukuru mai baki biyu, ka juya shi ya ba ka wanda kake so. Ka tabbata ƙarfe ne, kuma abin da ya zauna a ciki ma ƙarfe ne. Wasu sukurun ƙarfe ne amma a cikin roba aka dasa shi, ka ga kuwa ran da rana ta gasa robar, sai dai labari.

Maganar nauyi, kada ka ɗauki abin da aka rubuta a kwali kamar yankan wuƙa, musamman idan ba ka san kamfanin ba. Ka auna kayanka da kanka, ko a sikelin mai nama ne. Ƙaramar kyamara da idon da ta zo da shi ba su cika wuce kilo 1 ba. Amma dogon idon nan mai jawo nesa, 70-200 mai faɗin baki da masu biki ke so, shi kaɗai ya kai kilo 1.5. Ƙara fitila da makirfo, ka ga an doshi kilo 3. Ni nakan ce a nemi sandar da aka rubuta tana ɗaukar ninki biyu na abin da za a ɗora mata. Kuma idan ido mai nauyi ne, a zoben idon ake ɗaura sandar, ba a gindin kyamara ba, don kada nauyin ya karya bakin kyamarar.

Za su nuna maka ta kabon, su ce ita ce ta zamani. Gaskiya ne ta fi sauƙin ɗauka, amma a sanda guda ɗaya bambancin bai wuce 'yan ɗaruruwan giram ba, kuɗin kuwa sau da yawa ninki ne. Ta alminiyom in ta bugu lotsawa take, a ci gaba da aiki. Ta kabon tsagewa take. Ga mai hawa zemijan da kaya a baya, alminiyom ta wadatar.

Tsawo kuma a jikinka za ka gwada. Mutum mai tsawon santimita 170, idonsa na wajen 160 daga ƙasa, kyamara kuma tana ƙara kusan 10, to sanda mai 150 ta ishe shi. Dogon mutum ya nemi 165 ko fiye, in ba haka ba zai yini a sunkuye, bayansa ya gaya masa da dare. Yawan gaɓoɓi ma abin dubawa ne. Mai gaɓa 5 ko 6 tana naɗewa ta shiga jakar goyo, abin so ga mai tafiyar mota daga nan zuwa Malanbil, amma gaɓarta ta ƙasa siririya ce kamar tsinken tsire. Mai gaɓa 4 ita ce tsaka-tsaki. In ba ka buƙatar tsawonta duka, masu kaurin za ka fara zarewa, ka bar siririyar a ciki.

Akwai wadda ake yi wa 'yan ƙananan ƙafafu uku a gindi, don masu bidiyo. Tana da daɗin juyawa, ban musa ba. Amma waɗannan 'yan ƙafafu sun yaudari mutane da yawa. Mai kaya zai tsayar da ita ba komai a kanta, ya ce ka gani, tana tsayawa. Ɗora mata kyamara ka juya baya a gidan biki mai cike da yara, ka ga ikon Allah.

Iyayenmu mata masu ɗaukar kaya da waya, ku naku da sauƙi. Kowace sanda mai lafiyayyen makulli ta isa, sai a ƙara matsen waya mai ramin 1/4 a gindi. A nemi mai ɗaurewa da noti, domin mai sifirin yakan saki wayar da ke cikin kauri gida. Kuma kada a haɗa ta da sandar salfi, wannan ba a yi ta don ta taka ƙasa ba.

Game da suna, Manfrotto ta Italiya da Gitzo su ne manya, kuɗinsu ma manya ne. Benro da Sirui na Sin ne, sun yi suna wurin masu hoto, kuma sun fi sauƙi. A ƙasansu akwai irin su Neewer da Yunteng. Shawarata ita ce, kafin ka sayi sabuwa marar suna, ka zaga wurin masu kayan gwanjo. Tsohuwar sanda ta babban kamfani, ko fentinta ya goge, takan fi sabuwa mai ƙyalli, kuma ana samun kayan gyaranta. Sai dai suna a jikin bututu ba shaida ba ne, mu 'yan kasuwa mun san yadda ake buga tambari. Gwajin dannawar nan shi ne alƙali. Wanda zai yi odar ta intanet, ko ya aika a sayo masa daga Alaba ta Legas, ya yi sharaɗin mayarwa tun kafin kuɗi su bar hannunsa.

Ka leƙa gindinta kuma. Robar ƙasan ita ke fara cinyewa, in ta tafi sandar za ta riƙa santsi a kan tayil. Wadda robarta ke kwancewa a sa wata ta fi. Igiyar hannu ma ka sa ta a wuyan hannu kullum, ba don kwalliya aka yi ta ba.

Mu da ke bakin teku, daga Kwatano zuwa Lome da Ankara, iskar gishiri na cin notuna, don haka bayan aiki a goge ta da busasshen tsumma kafin a naɗe. Masu hawa arewa lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gabarsu. A zare gaɓoɓin a goge su da tsumma mai ɗan laima, a bari su bushe. Kada a zuba mata man inji, domin mai na riƙe ƙura, kuma yana sa makullin ya riƙa zamewa.