Karatun gida na biya a lokacin korona: abin da ya kamata uwaye su sani kafin su fidda kuɗi

A shekarar 2020, ƙofofin lakwal sun yi sama da wata biyu a rufe a duk faɗin Nijar. Ranar 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa Issoufou Mahamadou ya ba da sanarwar rufe makarantu daga ranar 20 ga wata, tun daga ajin renon yara har jami'a, saboda annobar korona. An ce mako biyu ne da farko, sai aka yi ta ƙarawa. Daga baya gwamnati ta tsaida 1 ga Yuni a matsayin ranar komawa aji. Ɗiyanmu sun yi mako goma ke nan a gida.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar UNESCO ta ce a watan Afrilu 2020 ɗalibai sama da biliyan 1.5 ne suka zauna gida a duniya. Amma zaman gidan kowa daban ne. A wasu ƙasashe yara sun bi darasi ta kwamfuta. Mu nan, a lokacin ko mutum ɗaya cikin biyar bai da wutar lantarki a gidansa, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. Shi ya sa uwaye da dama suka koma ga abin da aka sani tun da, wato kur-da-mezon: a ɗauko malami ya zo gida ya koyar da yaro, a biya shi a wata.

Tambayar da muke yawan ji ita ce: wannan kuɗin da ake fiddawa, yana biyan buƙata kuwa?

Su wa ke koyarwa?

Galibi kashi uku ne. Akwai malaman lakwal na gwamnati, musamman ƴan kwantiragi, waɗanda su ne suka fi yawa a firamare, kuma albashinsu bai taka kara ya karya ba. Akwai malaman makarantu masu zaman kansu. Su albashinsu daga kuɗin da uwaye ke biya yake fitowa, da aka rufe lakwal kuwa da yawansu hannu ya bushe. Sai kuma ɗaliban jami'a, na Abdou Moumouni ta Yamai, na Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, na Damagaram da na Tawa, waɗanda suka dawo gida, har da manyan ƴan lise.

Babu farashi guda. Ciniki ne tsakanin mai gida da malami, kuma ya danganta da ajin yaro, da yawan kwanaki a mako, da garin da ake. Wanda ke shirin BEPC ko BAC, mai neman malamin lissafi ko na fizik, shi ya fi biya da tsada.

Ga inda matsalar take. A birni, mai hali ya ɗauki malami tun makon farko. A ƙauye kuwa, sau da yawa mushen da ke koyarwa ba ɗan garin ba ne. Da aka rufe lakwal ya ɗaure kayansa ya tafi wajen iyalinsa. Ko kana da kuɗin ma, babu wanda za ka ba. Ranar 1 ga Yuni 2020, ɗan birni da ɗan ƙauye suka koma kan darasi ɗaya, suka kuma zauna jarabawa ɗaya daga baya, alhali wani ya yi mako goma yana bita, wani bai buɗe kaye ba ko sau ɗaya.

Me ya kamata a koya wa yaro?

Nan ne uwaye da dama ke asarar kuɗinsu. Ana ce wa malami ya ci gaba da darasi daga inda aka tsaya a aji. Shi kuwa sai ya cika allo da rubutu, yaro ya kwafa, a tashi. Kaye ya cika, kai babu komai.

Mu tuna wani abu. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma na ajin ƙarshe na firamare bai kai matakin da ake so ba a karatu, haka ma a lissafi. Wato tun kafin korona, yara da yawa na zaune a CM2 ba su iya karanta shafi guda su gane abin da ke ciki. Irin wannan yaron, ko an kawo masa darasin tarihi da na kimiyya har gida, ba zai ɗauka ba.

Don haka shawararmu ga mai ɗa a firamare: ka biya a koya masa karatu da lissafi, su biyun nan kawai. A fara daga inda yaron yake, ko da a ce ɗan CM1 ne za a mai da shi ga haɗa baƙaƙe irin na CP. Ba abin kunya ba ne. Malamin kirki, ranar farko zai sa yaro ya karanta masa layi biyu uku, ya ba shi ɗan lissafi, sannan ya gaya maka gaskiyar inda ya tsaya. Wanda ya zo ya kama rubutu a allo bai gwada yaro ba, to a yi hattara da shi.

Ƴan ajin jarabawa kuwa, na BEPC da na BAC, abin da ya fi yi musu amfani shi ne tsofaffin tambayoyin shekarun baya: su yi da kansu, malami ya gyara a gabansu, ya nuna musu inda suka kauce.

To ni da ban yi lakwal ba, ta yaya zan gane?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma akwai hanya. Ka sa yaro ya karanta maka shafi ɗaya da ƙarfi, sannan ya faɗa maka da Hausa abin da ya karanta. Ko ba ka jin Faransanci, kunnenka zai gaya maka in yana tuntuɓe, kuma za ka gane in labarin da ya ba ka yana da kai da gindi. Bayan mako biyu ka sake. A lissafi, ki aike shi kasuwa da jika ɗaya, ya gaya miki canjin tun kafin ya fita. Ku duba kaye: akwai kwanan wata? Akwai gyaran malami da jan bik?

Ƴan uwanmu na Kano, Legas, Kwatano, Abijan, Aljeriya da Faransa, mun san ku ma shekarar 2020 ta matse ku, ga iyakoki a rufe a lokacin. In kun samu abin da kuka turo ta Nita ko Al Izza da sunan karatun yara, ku faɗi a fili na karatu ne, don kuɗi ba su da wuyar sauya hanya. Sannan ku ce yaron ya karanta muku sakin layi ɗaya ta saƙon murya na WhatsApp duk Juma'a. Minti biyu ne, amma ya isa ku san ko kuɗinku na aiki.

Haɗa ƙarfi a unguwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ce gida biyar sun haɗu, kowa ya kawo jika ɗaya a wata, an samu jika biyar. Za a iya ba wani ɗan lise ko ɗan jami'a na garin ya zauna da yara biyar ko shida, awa ɗaya da safe kafin rana ta yi zafi. Kwamitin lakwal, wato COGES, da ƙungiyar uwaye mata su suka fi sanin wa ya iya, wa ke da haƙuri da yara. Kuma in an tashi haɗawa, a sa maraya ko ɗan wanda bai da shi a ciki. Mutum ɗaya ba ya ƙara wa malami nauyi.

A kula da abu uku. Na ɗaya, a lokacin cutar nan ba ta tafi ba, duk da an buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu 2020. A irin wannan yanayi, a zauna a fili ƙarƙashin inuwa, a bar tazarar mita ɗaya, a aje buta da sabulu, malami ya sa takunkumi. Tara yara talatin a zaure, lakwal ce aka sake buɗewa ta bayan gida. Na biyu, karatu a tsakar gida ake yinsa, inda idon uwa ke kaiwa, musamman ga ƴan mata. Ba a shiga ɗaki a ja ƙofa. Na uku, kada a ware ɗiya mace. In kuɗin na mutum ɗaya ne, a zaunar da ita kusa da ɗan'uwanta. Yarinyar da ta daɗe a gida tana daka da talla, ita ce aka fi jin tsoron ba za ta koma aji ba, sai dai a ji maganar aure.

A lokacin kuma damina tana bakin ƙofa. Da ruwan shuka ya sauka, hannu ake nema a gona, kuma ajin zana ba ya jure iska da ruwa. Wannan ya sa kwanakin da suka rage a lokacin suka zama masu tsada. Wanda ya samu malami, madalla. Wanda bai samu ba, babban wa ko babbar ya mai CM2 ko kwaleji za ta iya zama da ƙannenta rabin awa kullum da allo da alli, kyauta.

Malamanmu kuma, muna roƙonku: in an koma aji, darasin da aka ba ɗan mai biya a gida, a ba sauran ma cikakke. Uwaye, ranar komawa aji kowa ya kama hannun ɗansa da ɗiyarsa ya kai su lakwal. Allah ya ba mu damina mai albarka.