Kazar Tsakar Gida da Gunkin Birnin Rum

A gidan da kishiyoyi suke zaman doya da manja, kaza ce ke shan zagi. Uwargida na shara sai ta ɗaga murya: "Ke wannan kaza, ba ki iya komai ba sai ci da barbaɗa ƙazanta a gidan mutane!" Kaza tana can tana tonon ƙasa abinta. Amarya kuwa tana ɗaki, ta ji sarai, amma in ta tanka ta amsa sunan ke nan. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Mutanen birnin Rum ma sun yi tasu kazar, sai dai ta dutse ce. A shekarar 1501 aka kafa wani tsohon gunki da aka tono, ba hannu ba ƙafa, fuska duk ta cinye, a kusurwar gidan Kardinal Oliviero Carafa kusa da dandalin Navona. Aka laƙaba masa suna Pasquino. Wasu sun ce sunan wani tela ne mai kaifin baki a unguwar, wasu sun ce wanzami ne, wasu malamin makaranta. Da farko ɗalibai ne ke manna masa baitocin Latin ranar 25 ga Afrilu. Kafin a jima sai aka fara wayar gari a tarar da takardun ba'a a jikinsa, ana yi wa Fafaroma da manyan coci wankin babban bargo. Daga nan Italiyawa suka samo kalmar pasquinata, Faransawa da Ingilishi suka mayar da ita pasquinade: rubutun zambo da ake liƙawa a bainar jama'a ba tare da sa hannu ba.

Har abokin hira aka samar masa, wani gunki mai suna Marforio. Wannan ya yi tambaya, wancan ya ba da amsa, gari ya kwashe da dariya. Lokacin da Fafaroma Urban na Takwas, ɗan gidan Barberini, ya sa aka kwashe tagullar ginin Pantheon aka ƙera igwa, Pasquino ya haɗa sunan gidansu da kalmar da ke nufin 'yan ta'adin da suka taɓa wawashe Rum, ya nuna cewa ɗan gida ya fi baƙo ɓarna.

Akwai dai inda kazar da gunkin suka raba hanya, kuma nan ne ya fi ɗaukar mini hankali. A habaici kowa ya san mai magana, wanda ake nufi ne aka sakaya. A wurin Pasquino an juya abin: ana kiran sunan Fafaroma ɓaro-ɓaro kamar yadda maroƙi ke yi a zambo, mai maganar ne ya ɓuya. Dalilin a fili yake. Uwargida da amarya tsararrakin juna ne, mafi munin abin da zai faru shi ne cacar baki kafin maigida ya dawo. Talakan Rum kuwa da mai ɗauri da kisa yake yi. An ce Fafaroma Adrian na Shida ya so a jefa gunkin cikin kogin Tiber, aka ba shi baki. Wanda aka kama da alƙalami a hannu bai samu wannan sassaucin ba: a 1570, zamanin Fafaroma Pius na Biyar, an rataye marubuci Niccolò Franco saboda rubutun ɓatanci da ya yi wa Fafaroma Paul na Huɗu da danginsa.