Ƙanƙanin dunƙule mai kare yara daga masassarar cizon sauro

Kowa ya san ɓarnar masassarar cizon sauro, musamman da damina. Ƙananan yara ta fi kashewa. Yanzu akwai allurar rigakafinta. Bari mu ga abin da ke cikin allurar.

Akwai wani abu da ake kira furotin. Shi ne mai gina jiki. Yana cikin wake, nama, ƙwai da nono. Kowane mai rai yana da irin nasa furotin, har ƙwayar cutar da sauro yake zuba mana cikin jini.

Masu bincike sun ɗauki samfurin furotin na bayan ƙwayar cutar. Suka haɗa shi da wani furotin na ƙwayar ciwon hanta. Yisti, irin na burodi, shi ake sa wa ya yi su. Sai su dunƙule da kansu kamar ƙwallo. Ido ba ya ganin dunƙulen. In an jera guda 1000, ba su kai kaurin gashi ɗaya ba.

Me ya sa ake dunƙule shi? Furotin in yana warwatse, jiki ba ya kula da shi sosai. Amma in ya dunƙule, kamarsa ɗaya da ƙwayar cuta. Sai jiki ya tashi ya shirya dakarunsa. Ranar da sauro ya kawo ƙwayar gaskiya, dakarun sun riga sun san ta. Za su tare ta kafin ta shiga hanta ta hayayyafa.

Dunƙulen ba shi da rai. Ba ya sa masassarar sauro, ba ya sa ciwon hanta.

Da irin wannan dabara ake kai magani cikin jiki. Tun 2005, a Amurka, ana naɗe wani maganin ciwon daji cikin furotin na jini.

An fara ba yara rigakafin, mai suna RTS,S, a Gana, Kenya da Malawi a 2019. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta yarda da shi a 2021. A 2023 ta yarda da na biyu, mai suna R21. Nijar ta fara nata a Gaya a 2024.

Sau 4 ake yi wa yaro allurar. In an yi ɗaya an bari, kariyar ba ta cika ba. Wani yaron jikinsa yana yin zafi bayan allura, amma yana wucewa.

A kula: allurar tana rage cutar ne, ba ta hana ta duka. Kada a bar kwana cikin sange. Kada a bar maganin da ake raba wa yara da damina. In jikin yaro ya yi zafi ƙwarai, a kai shi likita ran nan.

Iyaye, ku tambayi ma'aikacin lafiya ko allurar ta iso garinku. Ku adana katin yaro, ku kiyaye ranar komawa.